Barka da Sallah daga Buronkis, da labarin sandar da ta tayar da ƙura

Buronkis, Niyok, Amurka
Lahadi, 30 ga Maris 2025

Assalamu alaikum Baba da Inna, da Yaya, da sauran mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina lafiya ƙalau, da fatan an yi Idi lafiya, an ci tuwon Sallah lafiya.

Auta, na ga saƙonka kan bidiyon da ke yawo na 'yan wasan Yankees, kulob ɗin besbol na nan Niyok, inda kake tambaya ko maguɗi suke yi da sanda. Bana Sallah ta faɗo daidai da buɗe kakar besbol, filin kuma a unguwarmu yake, kan titi na 161, don haka bari in warware maka.

Ranar Alhamis 27 ga wata aka buɗe da Milwaukee Brewers, aka ci su 4 da 2. Jiya Asabar ce ta rikita gari. Mai jifan Brewers shi ne Nestor Cortes, wanda a bara ɗan Yankees ne. Jifansa uku na farko, Paul Goldschmidt da Cody Bellinger da Aaron Judge suka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya suka haye katanga, wato bugun da ke fitar da ƙwallo daga fili ya ba da maki kai tsaye. Kafin a tashi an yi irin wannan bugun sau 9, Judge kaɗai ya yi 3, aka tashi 20 da 9. Yau kuma 12 da 3. Bugun haye katanga 15 ke nan a wasa uku, daidai da tarihin da Detroit Tigers suka kafa a 2006.

To sai aka lura da sandunan wasunsu. Sandar da aka saba da ita tana ƙara kauri har zuwa baki. Wannan sabuwar, da suke kira tofido, an janyo kaurin baya zuwa wajen da ɗan wasa ya fi haɗuwa da ƙwallo, bakin ya ɗan tsuke. Aaron Leanhardt ne ya ƙirƙiro ta, masanin kimiyyar fiziks da ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT, ya yi wa Yankees aiki kafin ya koma Miami Marlins. Doka ta ce sanda ta zama itace guda, kada tsawonta ya wuce inci 42, kada kaurinta ya wuce inci 2.61 a inda ta fi kauri. Ba ta faɗi inda kaurin zai zauna ba, saboda haka babu maguɗi. Tana da illarta ma: ƙwallon da ya sami bakin sandar ba zai yi nisa ba, tunda an rage itacen wurin.

Magoya bayan wasu kulob suna ta kumfar baki a rediyo da intanet cewa a haramta ta, namu kuma har sun fara lissafin kofi. Duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Anthony Volpe da Jazz Chisholm da Austin Wells suna riƙe da ita, gaskiya ne, amma Judge da ya fi kowa ɓarna da tsohuwar sandarsa yake bugu. Sannan jiya an yi wani zafi da ba a saba gani ba a ƙarshen Maris, ƙwallo kuwa ya fi tafiya a iska mai ɗumi fiye da mai sanyi. Ga shi katangar dama a filin nan ƙafa 314 ce kawai daga wajen bugu, kusan mita 96, tana cikin mafi gajarta a gasar. Wanda ya jingina komai ga sanda ya bar waɗannan a baya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne tsawon kakar. Kowane kulob wasa 162 zai yi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Idan ka auna da Firimiya mai wasa 38, wasa ukun nan ba su wuce minti 63 na wasan farko ba. Ɗan wasa na dindindin yakan shiga bugu sama da sau 500 a shekara. A makon farko kuwa, wanda ya sami bugu mai kyau 3 cikin shiga 10 ana cewa gwani, wanda ya sami 1 cikin 10 ana cewa ya ƙare, alhali tazarar ƙwallo biyu ce, wataƙila ma ya buga su da ƙarfi suka faɗa hannun mai tsaro. Yanzu haka mutanen Boston sun saka ɗan wasansu Rafael Devers a gaba, don har yau bai sami bugu ko ɗaya ba, ana ta fitar da shi da jifa uku, wato ya kasa buga jifa uku masu kyau. Ban yarda mutumin da ya shekara takwas yana bugu a gasar nan ya manta sana'arsa cikin kwana huɗu ba.

Judge kansa shaida ne. A Afrilun bara abin ya ƙi masa, har 'yan kallon gida suka yi masa ihun tir a filin nan, shi da yake kyaftin. Ya ƙare wannan kakar da bugun haye katanga 58, aka zaɓe shi gwarzon shekara ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba. Abin yana min ciwo idan na ji ana yi wa irin wannan mutum ihu tun ana sanyi.

Ba kuma duk damuwar mutane ce ta banza ba. A wasan jiya mai daɗin nan Yankees sun yi kuskuren tsaro 5, har sabon mai jifa Max Fried, da aka ɗauko kan dala miliyan 218 na shekara 8, bai cika turmi biyar cikin tara na wasan ba, wanda sai da shi ake rubuta wa mai jifan farko nasara. Kuskuren tsaro ne kuwa ya kayar da su a wasa na biyar na ƙarshen gasar bara, suna gaba da ci 5 da nema Dodgers suka dawo suka ɗauke kofin. Babban mai jifansu Gerrit Cole an yi masa aiki a gwiwar hannu, ba zai taɓa ƙwallo ba bana. Gwaninsu na bugu a bara, Juan Soto, ya koma Mets, ɗayan kulob ɗin Niyok, kan dala miliyan 765 na shekara 15, kuma ranar da zai dawo filin nan a Mayu ihu zai sha. Waɗannan su ne za su dame mu har Satumba.

Idan kana son bibiya, kada ka duba teburi sai ƙarshen Mayu, an yi wasa hamsin da 'yan kai. Kafin nan ka riƙa duba sau nawa ake fitar da mai bugu da jifa uku, da sau nawa yake haƙuri har a ba shi tasha kyauta, wato ya wuce tashar farko ba tare da bugu ba saboda mai jifa ya yi jifa huɗu marasa kyau, don waɗannan suna saurin nuna gaskiya fiye da yawan bugu. Wasan dare ana farawa wajen ƙarfe 7 a nan, sha biyun dare ke nan a wajenku, don haka ka nemi na ranar Lahadi, wanda yawanci ke kamawa bayan ƙarfe 6 na yamma a gida.

Goron Sallah na hannun Yaya, a raba wa yara, a ware na Kaka. Ku gaida Kawu da Gwaggo da maƙwabta. Baba, Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku