Masu Dawaki Su Fitar da Filin Kilisa a Gonakinsu, Amma Kada Su Aske Gonar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni dama a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon dawaki, musamman na Kano da kewayenta, a kan matsalar da kowa yake kuka da ita amma ba a cika kawo maganinta ba, wato rashin wurin motsa doki. Hukumomin tsaro a Kano sun sha hana kilisa a kan tituna, kuma ban ga laifinsu ba, domin kwalta ba wurin sukuwa ba ce: kofato yana santsi a kanta, ga babura da masu adaidaita sahu, ga yara masu tsallaka titi. Sai dai hani kaɗai ba ya raba doki da buƙatarsa. Ingarman da aka ɗaure a turke kwana da kwanaki, yana cin gero da harawa ba tare da ya zubar da gumi ba, ƙafafunsa kan kumbura, cikinsa kan ɓaci, kuma ranar da aka ɗora masa sirdi sai mahayinsa ya yi da gaske. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su, alhali dawakin da muke alfahari da su ranar Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ba su da inda za su miƙe ƙafa a sauran ranakun shekara.

Shawarata ita ce duk mai doki da Allah ya hore wa gona a bayan gari ya yanki wani sashe nata ya mayar filin kilisa. Da yawa suna jin tsoron abin ne saboda idanunsu na kan filin folo, wanda tsawonsa ya kai yadi 300, faɗinsa kuma yadi 160. Wannan na ƙungiyoyi ne da manyan sarakuna irin marigayi Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, waɗanda suka ɗaukaka wasan folo a ƙasar nan. Mai doki biyu ko uku ba ya buƙatar haka. Filin horar da doki da aka saba yi a ƙasashe da dama mita 20 ne a faɗi, mita 40 a tsawo, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba, kuma wanda yake son dokinsa ya ɗan saki jiki yana iya kai tsawon mita 60.

Kafin a ɗaga gatari, a fara da takarda da kuma maƙwabta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da shaidar mallakarsu, saboda haka gonar gado da ba a raba ba, ko wadda iyakarta ke da gardama, ba wurin zuba kuɗi ba ce. A kira safiyo ya fitar da iyaka a gaban mai unguwa da masu gonakin da ke kewaye. Abu guda da nake roƙo da babbar murya shi ne kada wani ya tare burtali ko hanyar mashaya da sunan gina wa doki fili, domin mun ga irin fitinar da toshe hanyar shanu take haifarwa, kuma abin kunya ne a ce mai son dabba ne ya hana wata dabbar wucewa.

Wajen zaɓen wuri, damina ce take faɗin gaskiya. Gonar da take shimfiɗe tas a watan Maris tana iya zama tafki a watan Agusta, don haka mai niyyar wannan aiki ya je gonarsa washegarin ruwa mai ƙarfi ya ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya wuce, ya kafa alama, sa'an nan ya jira rani ya yi aikinsa. Tudu mai ƙasar jigawa ya fi dacewa. Fadama da ƙasar laka kuwa a bar wa shinkafa da rake, domin laka tana santsi da damina, tana tsagewa da rani, kuma danshin da ba ya bushewa shi ne matattarar ƙananan ƙwari masu cizo da ke yaɗa mugunyar cutar dawaki.

Inda na fi son mu tsaya mu yi tunani shi ne sharar filin. Abin da aka saba shi ne a ɗauko hayar katafila, direba ya shiga ya ture duk abin da ya tsaya a gabansa, kafin la'asar gona ta koma fayau, mai gona kuma yana murna aiki ya yi sauri. Wannan ɓarna ce, kuma dokin ne farkon wanda zai ɗanɗana ta. Ɗorawa da tsamiya da kuka da ke tsaye a gonakinmu sun girmi yawancin masu gonakin, kuma wanda ya sare su ba zai ga madadinsu a rayuwarsa ba. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina ya yi sabon ganye da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da doki ya fi buƙatarta, ga taki da yake bai wa ƙasa. Filin da faɗinsa mita 20 ne kawai, da wuya a rasa yadda za a karkata shi ya ratsa tsakanin manyan itatuwa, a bar su a gefe su tare iskar hunturu, su zama wurin ɗaure doki bayan ya yi gumi. Abin da ya kamata a kawar shi ne sabara da geza da ƙayoyi da duk ƙaramin icen da ya faɗo cikin ma'aunin filin.

Wanda aka sare kuwa, dole ne a tone kututturensa har saiwa. Masu aiki sukan yanke ice daidai da ƙasa su rufe shi da turɓaya domin su huta da haƙa, sai gara ta cinye shi daga ciki a bar kogo a ɓoye, ranar da doki ya taka wurin a guje ƙafarsa ta zurma. Karayar ƙafa ga doki sau da yawa ita ce ajalinsa, ga kuma haɗarin da mahayi zai shiga. Haka nan suri da ramin gafiya, sai an rushe su an cike da marmara an daɓe. A bi filin da manjagara a tsince ƙusa da guntun ƙarfe da fasasshiyar kwalba, musamman a gonakin da aka taɓa zuba wa sharar gari a matsayin taki, domin doki na cikin dabbobin da cutar tetanus ta fi saurin kamawa idan wani abu ya soki kofatonsa.

Bayan shara sai a kwashe ƙasar sama mai taki a kai ta sauran gona inda za ta yi amfani. A daidaita filin yadda zai ɗan gangara gefe guda, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, gangaren da ido ba zai gane ba amma ruwa zai bi. A shimfiɗa marmara mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a bi ta da rola har ta yi tauri, a kuma haƙa magudanar ruwa ta gefen tudu domin ruwan gonar sama kada ya ratso ta cikin filin. A nan ne kuɗi suke tafiya, kuma a nan ne mutane suke son yin tsimi saboda aikin ba ya fitowa a ido, alhali idan ƙasan ya lalace babu yawan yashin da zai gyara shi.

Shi kansa yashin, kuskuren da ake yi shi ne zuba shi da yawa da tunanin taushi gata ne ga doki. Yashi mai zurfi yana riƙe ƙafa, yana gajiyar da doki, yana jawo ciwon jijiya. Kaurin santimita 5 zuwa 8 ya isa, kuma gara a fara da kaɗan a ƙara daga baya, domin ƙari ya fi ragi sauƙi. A nemi yashin rafi mai ɗan kaushi, a guji rairayi mai laushi wanda yake tashi ya zama ƙura, tun da ƙurar hunturu ma kaɗai ta ishi huhun doki. Yayyafa ruwa kafin hawa da jan manjagara a kai a kai, musamman ta gefen shinge inda sawu yake yin kwari, su ne suke riƙe filin.

Da yake da la'asar muke kilisa, a miƙa tsawon filin daga kudu zuwa arewa domin kada rana ta riƙa dukan idon doki da na mahayi. Shinge ya kai kamar mita ɗaya da rabi, a yi shi da katako ko bututun ƙarfe marar kaifi, kada a kuskura a sa waya mai ƙaya, ƙofa kuma ta yi faɗin da tifa za ta shiga ranar ƙarin yashi.

Na san yawancin samarin da ake kamawa suna kilisa a titi ba su da gona, wasunsu ma hayar dokin suke yi. Saboda su nake kira ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni su ware fili a kowace gunduma, a damƙa shi ga ƙungiyar mahaya ta yankin da sharaɗin ita za ta riƙa kula da shi, ta kuma rubuta sunan duk wanda yake hawa a ciki. Masu gonakin da suka riga suka gina nasu kuma, ina roƙonsu su buɗe ƙofa ga yaran unguwa ko da ranakun Juma'a da Asabar ne, a ƙarƙashin kulawar wani babba da ya san doki.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki, daga Kano.