Zuwa ga Habu, kan maganar motar nan

Mutumina Habu,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali? Tun ƙaramar sallah ban ji ɗuriyarka ba, ko kifin can ne ya mantar da kai mutanen Kano?

Golf ɗin nan tawa ce ta dame ni. Ka san ta, ƙirar 2002, injin 1.8T, yanzu ta haura kilomita 280,000. Sati biyu ke nan kuloci na zamewa in na taka a giya ta huɗu, in na kashe ta kuma sai in ji ƙwal-ƙwal daga ƙasa. Usman makanike ya sauke giyabos, ya ce fulawil, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, ya gama aiki. Nata mai hawa biyu ne, da sifirin a tsakiya masu shanye girgizar inji, su ne suka saki.

Shawararsa, tunda an riga an buɗe, a sa mara nauyi, dunƙulalle guda, irin na injin G60 da kulocin injin VR6, duka na Volkswagen, da aka daɗe ana ɗora wa wannan injin. Da ka taɓa totur inji zai zabura. Amma bai ɓoye mini ba: ba ya ƙara doki ko ɗaya, a silo giyabos zai riƙa kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani, tashi daga tsaye kuma sai da lallashi. Ka tuna gosulon Kurna da yamma. Wallahi raina na so, kunnena ne ba zai jure ba.

Af, Sadiya ta sauka, namiji, suna ranar Asabar. Baba Ƙarami ya ce in ba ka aiko da rago ba, kai da shi.

Abin da ya fi hana ni barci turbo ne. Har yau samfurin K03 ɗin da ta zo da shi ne, kuma ya fara fitar da shuɗin hayaƙi. Yaran gareji na ta zuga ni a taɓa kwamfutarta ta wuce doki 150 ɗinta. Na ƙi. Sai na canza taimin bel da famfon ruwa, an wanke rariyar baƙin mai, an sa sabon sil na bayan inji tun giyabos na ƙasa. Bel ɗin nan in ya tsinke ana tafiya, bawul ashirin ne a saman injin, fistin zai lanƙwasa su.

Gobe zan leƙa Ƙofar Ruwa in ji farashi. Kai da ka sa wa taka fulawil mara nauyin, shin ƙarar tana raguwa in an saba, ko kana nan kana haƙuri ne?

Ka gaida Maman Ummi.

Naka,
Bello