Amsar tambayar Baba a kan karen da aka gani da takalmi

Toronto, Kanada
9 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida, ina sanar da ku cewa ina nan lafiya, karatu yana tafiya daidai, kuma saƙonku da Yaya ya karanta mini ta waya ya iso gare ni. Na ji an ce hoton da na aika wa Auta ya zagaya gida har ya kai zaure, an yi ta dariya, kuma kun tambaya ko karatu na tafi yi ko kuwa barantakar kare, tunda ga ni riƙe da igiya, ga kare sanye da riga da takalma huɗu kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Tambayar ta fi ƙarfin amsar waya, domin ni ma da na fara ganin abin nan dariyar da kuka yi ita na yi, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto muku yadda al'amarin yake tun daga farko.

Karen na dattijuwar da nake haya a ɗakin ƙasa na gidanta ne. A farkon Disamba santsin ƙanƙara ya kayar da ita a bakin ƙofa, ta karye a wuyan hannu, likita ya hana ta riƙe igiya, 'ya'yanta kuma suna wani gari mai nisa. Sai ta roƙe ni in riƙa fita da shi safe da yamma, ita kuma ta rage mini wani abu daga kuɗin haya. Karen birnin nan ba ya yawo shi kaɗai kamar namu, dokar gari ta ce sai da igiya a wuyansa, kuma wanda ya fito da shi shi zai kwashe kashinsa a leda, saboda haka in babu mai fita da shi to babu inda zai yi bahaya. Na duba halin da take ciki, na duba aljihuna, na amsa.

Irinsa ake kira greyhound, karen tsere ne, kuma da za ku gan shi ba riga da kun ce ɗaya daga cikin karnukan mafarautan garinmu ne aka yi wa ƙarin tsawo: ƙafafu dogaye, ciki a ɗame, haƙarƙari a fili, gashi gajere kamar an yi masa aski, ga shi babu kitse ko kaɗan a ƙarƙashin fata. Nauyinsa ya kai kilo 30. A gida idan hunturu ya tsananta, ma'auni ya sauko zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, kun san yadda karnuka ke neman tokar murhu su kwanta a ciki su dunƙule. To a nan cikin Janairu akwai safiyar da muka fita ma'auni yana digiri 18 ƙasa da sifili, ga iska tana busowa tana yanka fuska kamar reza. Dabbar da Allah bai ba ta gashi mai kauri ba, idan aka fito da ita tsirara a irin wannan safiya, kafin a kai kwanar layi ta fara karkarwa, ta gantsare baya, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Rigar tana rufe masa wuya da ƙirji da baya har zuwa gindin wutsiya, cikinta laushi kamar bargo, bayanta kuma ruwa ba ya ratsa shi. An ɗinka mata wani zare mai ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi, saboda a Disamba tun kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi, fitarmu ta yamma duk cikin duhu muke yin ta.

Rigar ban yi gardama da ita ba. Takalmin ne na raina, kuma a kansa na ji kunya. A kwana na uku na makara, ina da lacca da safe, na ga ɗaura takalma huɗu ɓata lokaci ne, na ce a raina kare dai kare ne, wanda ya taka rairayin bazara ba takalmi me ƙanƙara za ta yi masa. Na zuba takalman a aljihu muka fita. Ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ya fara ɗaga ƙafar gaba ya riƙe ta a sama, ya sauke, ya ɗaga ta baya, daga nan ya tsaya cik ya ƙi motsi yana wani kuka siriri. Da na durƙusa na duba, sai na ga tafin dagin ya tsage, ga ɗigon jini a kan farar ƙanƙara, ga tsakuwoyin gishiri sun maƙale tsakanin yatsunsa. Na ciro takalman in sa masa, amma yatsuna sun riga sun ƙage don sanyi, ba su iya ɗaure komai. Ƙarshenta sai da na sungume shi a ƙirji, kilo 30, na dawo da shi gida ina tafiya a hankali kada santsi ya kwashe mu baki ɗaya, mutane suna wucewa suna kallo. Dattijuwar ba ta yi mini faɗa ba, ta dai kawo ruwan ɗumi a kwano ta ce in wanke masa ƙafafun, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi. Laccar ranar ta wuce ni.

Gishirin nan shi ne asalin maganar takalmi, kuma shi ne abin da ba a gani a hoto. Idan ƙanƙara ta sauka, hukumar birni tana fito da motoci su watsa gishiri a kan tituna don ta narke, masu gidaje da masu shaguna su ma kowa ya watsa a gaban ƙofarsa, domin doka ta ɗora wa mai gida share hanyar ƙafa da ke gabansa. A shekara birnin nan kaɗai yana zubar da gishiri fiye da tan 100,000. Gishiri ne garari, mai kaifi kamar tsakuwa, kuma idan sanyi ya yi tsanani har gishirin da muka sani ya kasa aiki, sai a koma ga wasu sinadarai da suka fi shi ƙarfi kuma suka fi shi cin fata. Abin da ya narke ba ya zama ruwa mai tsabta, caɓi yake zama, baƙi-baƙi, kuma saboda gishirin da ke cikinsa yana iya fin ƙanƙarar kanta sanyi alhali yana nan a ruwa. Takalmina na fata da na zo da shi daga gida ya yi fari fat ya tsattsage cikin wata guda, ƙarƙashin motoci kuwa tsatsa ke cinye shi. Baba, kun san yadda faso yake yi wa diddige a hunturu, to ku ƙaddara mai faso ya taka ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara safe da yamma. Bayan haka kare idan ya dawo gida lasar ƙafa yake yi, gishirin ya shiga cikinsa ya sa shi amai da zawo. Akwai kuma wani ruwa da ake zuba wa injin mota don kada ya daskare, wanda kan ɗiga a bakin titi. Zaƙi ne da shi a bakin dabba, kuma kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙoda.

Yanzu na ƙware, kodayake sai da na sha wahala. Ana auna takalmin ne ta hanyar tsayar da kare a kan takarda a zana kewayen daginsa yana take da nauyinsa, don idan ya matse zai hana jini gudu, idan kuma ya yi sako-sako zai zame. Akwai na roba mai kama da balan-balan, wanda ake sa wa don ruwa da gishiri kawai, akwai kuma mai tafin roba da maɗauri a sama, irin wanda kuka gani. Ranar da aka fara sa wa kare takalmi abin kallo ne, domin yana ɗaga kowace ƙafa sama sama kamar dokin da ake rawa da shi a gaban sarki, tunda ba ya jin ƙasa a tafinsa, amma da ya fita waje ya ga abin da ya ɗauke masa hankali sai ya manta. Babbar matsalata ita ce ɓacewa. Sau uku ke nan ina waiwayowa in ga ƙafafu huɗu takalma uku, in koma ina tonon ƙanƙara da fitilar waya, kuma a shagon unguwarmu ba a sayar da ɗaya sai huɗu. A ranakun da sanyi ya yi sauƙi muna shafa masa wani kaki a tafin ƙafa, kamar yadda Inna take shafa mana man kaɗanya a diddige. Idan mun dawo ana cire rigar nan take a shanya, domin jiƙaƙƙiyar riga ta fi rashin riga cutarwa, kuma a cikin gida akwai ɗumi.

Mutanen arewacin duniyar nan sun daɗe da sanin takalmin kare, kuma masu aiki da karnuka ne suka fi riƙe shi. A Alaska, can ƙasar Amurka, akwai tseren da ake kira Iditarod, wanda aka fara a 1973, inda karnuka ke jan keken ƙanƙara tafiyar kusan kilomita 1,600 har zuwa garin Nome. Waɗannan karnuka ne masu gashi mai kauri ninki biyu, suna iya kwana a cikin ƙanƙara su tashi lafiya, amma duk da haka dokar tseren ta wajabta wa kowane mai tsere ya riƙe takalma takwas saboda kowane kare, don ƙanƙarar da ta daskare tana goge tafin ƙafa kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata rana a filin da ake sakin karnuka na ga wani siriri ja cikin riga har biyu, na tambayi mai shi, ya ce irinsa Azawak ne. Na ce masa ai wannan maƙwabcinmu ne, karen Buzaye ne na ƙasar Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Na tsaya ina kallon dabbar da aka halitta don zafin hamada tana rawar ɗari a Kanada, ni ma ina tsaye cikin wando biyu da safa biyu, sai na rasa bakin yi mata dariya.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wauta a cikin lamarin, kuma tana da yawa. Ina ganin karnuka masu gashi kamar na tunkiya an naɗe su cikin riga suna haki saboda zafi, don kawai mai su yana son launin rigar ya dace da tasa. Ina ganin masu hula, masu ƙaho na wasa, masu riga mai sunan kamfani. Takalma huɗu da na sayo a madadin waɗanda na ɓatar dala 60 na biya, kuma da gangan na ƙi lissafa su da naira don kada barci ya gagare ni, ina tuna yaran da ke zagaye wuta a ƙofar gidanmu da asubar hunturu da 'yar shara a jikinsu. A nan ma, a tsakiyar birni, akwai mutanen da ke kwana a kan ragar ƙarfen da ɗumi ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, karnuka masu riga suna wucewa ta gefensu. Wannan yana damuna, kuma ba na jin zan saba da shi. Sai dai laifin ba na karen dattijuwar nan ba ne, shi dai ƙafarsa ta tsage a gabana. Kuma mu ma da muke dariya, ranar hawan sallah dokin da aka lulluɓe da jalala da lifidi kayan jikinsa sun fi na mai jan linzaminsa tsada, ba wanda ya ce komai.

Saura maganar tsarki, wadda na san ita ce ainihin abin da ke ranku. Kare ba ya shiga ɗakina, ƙofata daban take, kuma na ware riga da wando da safar hannu na fita da shi, ina rataye su a bakin matakala, ba na salla da su. Ban manta abin da kuka karantar da mu a Iziyya ba, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa, amma a masallacin da nake zuwa akwai 'yan Somaliya da 'yan Pakistan waɗanda mazhabarsu ta tsananta a kan yawun kare, shi ya sa nake yin taka-tsantsan don kada in shiga sahu da abin da zai dami wani. Na san kuma hadisin da ya yi gargaɗi a kan ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, kuma ni ban ajiye ba, ba ni da niyyar ajiyewa. Amma ranar da na durƙusa ina wanke masa jini, hadisin da ya zo mini shi ne na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Abin da nake roƙo ku duba mini shi ne ragin kuɗin hayar, ko akwai wani abu a cikinsa da ya kamata in kiyaye. Idan kun ce in bari zan bari, sai dai zan nemi ku ba ni izini in ci gaba kyauta har a cire wa dattijuwar filasta, wanda likita ya sa ranarsa a ƙarshen wannan wata.

Ku gaida Inna, ku ce mata man kaɗanyar da ta sa mini a jaka yana nan yana aiki, kuma ban shafa wa kare ba. Ku gaida Kawu da Goggo da ɗaliban zaure. Auta ya ce in kawo masa takalmi ɗaya ya nuna wa abokansa. Akwai uku da suka rasa ɗan'uwansu, zan sako masa su idan Allah ya kawo ni gida.

Wassalam,
Ɗanku mai neman albarkarku