Kafin a ƙara wa kala lili ruwa, a duba gindinta

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwa masu ajiye fulawa a tukunya, musamman kala lili, mai furen nan kamar mazurari da asalinta daga kudancin Afirka take.

Tawa cikin sati ɗaya ganyenta ya yi ɗorawa ya kwanta, ni kuma na ɗauka ƙishi ne sai na dinga ɗura mata ruwa safe da yamma, ashe ruwan ne ke kashe ta don tukunyar ba huji a ƙasa. Da na zazzage ƙasar sai na tarar saiwar nan mai kama da gwaza ta yi laushi tana wari, wallahi raina ya ɓaci sosai. Na sa wuƙa mai tsabta na yanke ruɓaɓɓen wurin, na barta a inuwa kwana 2 ta sha iska sannan na dasa ta a sabuwar ƙasa da na gauraya da yashi cikin tukunya mai huji. Yanzu sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe nake ba ta ruwa.

Amma fa ba kowace zubar ganye ce cuta ba, in ta gama fure takan yi hutu wata 2 zuwa 3, in ka taɓa saiwar ka ji ta da tauri to rage ruwa kawai ka ƙyale ta, za ta sake tofowa. Kuma don Allah a nisanta ta da yara, in suka tauna ganyen yana ƙona baki.

Mai karanta jaridarku kullum, daga Jos.