Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jahar Tawa kan ƙarafan da ke faɗowa daga sama

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Tauraron ɗan Adam in ya gama aiki yakan dawo da gudun kilomita kusan 27,000 a awa, ya tarwatse tun yana nisan kilomita 80 daga ƙasa. Alminiyon jikinsa na narkewa a zafin digiri 660, shi ya sa galibinsa ke ƙonewa. Tankin mai kuwa, da galibi ake ƙerawa da ƙarfen titaniyom, sai zafi ya haura 1,600 yake narkewa. Yakan iso ƙasa da siffarsa, baƙi ƙirin, kamar ƙatuwar duma. A watan Mayun 2020 guntayen rokar Sin sun faɗa ƙauyukan Kodebuwa. Ranar 30 ga Disamban 2024, zoben ƙarfe mai nauyin kilo kusan 500 ya faɗi a ƙauyen Mukuku na Kenya.

Damuwarmu ita ce Azawak. In irin wannan tanki ya faɗi tsakanin Abalak da Cintabaraden, makiyayi ne zai fara ganinsa. Zai ga abin zuba ruwa, maƙeri ya ga ƙarfen ƙira. Alhali cikinsa na iya ɗauke da ragowar hidirazin, mai ne mai wari mai hawa kai, yana ƙona fata da ido, yana lalata huhu da hanta. Guduma na iya fasa shi a gaban yara.

Muna roƙon a yi sanarwa a rediyoyin karkara da Hausa da Tamajak da Fulatanci: kada a taɓa, kada a fasa, a ja da dabbobi baya aƙalla taku 100, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Wanda abin ya zubar masa ya tuɓe tufafin, ya yi ta wanke wurin da ruwa na minti 15, a kai shi likita. Mai gari ya shaida wa jandarma, su kuma su kira ƴan kwana-kwana da masu na'urar awon tururin nukiliya. Awon ba ɓata lokaci ba ne: a 1978 tauraron Kosmos 954 na Tarayyar Sobiyet ya watsa gubar nukiliya a arewacin Kanada.

Sannan a adana shaida. A ɗauki hoto daga nesa, a rubuta rana da wuri, lambobin jikin ƙarfen kuma a bar wa ƙwararru su karanta. Yarjejeniyar duniya ta 1972 ta ɗora diyyar ɓarna kan ƙasar da ta harba abin, kuma da ita Kanada ta nemi hakkinta kan ɓarnar Kosmos 954, aka biya ta dalar Kanada miliyan 3. Ƙarfen da aka sayar da kilo a kasuwa, ba a karɓar diyya da shi.

Ƙarfen da ya ƙone a sama ma bai ɓace ba. Binciken hukumar nazarin teku da iska ta Amurka, NOAA, na 2023 ya sami ɓurɓushin ƙarfen kumbo a kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin ƙurar da aka auna can saman iska, inda rufin ozon mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa yake. Wannan magana ce ta Yamai da Majalisar Ɗinkin Duniya, muna roƙon ka isar da ita. Sanarwar rediyo kuwa tana hannunka, kuma muna shirye mu rubuta ta.

Allah ya taimake ka.

Wasu malaman kimiyya da injiniyoyi, Tawa