Umma, ki nemo abokan cin abinci

Liverpool, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Ya jiki, ya ƙafar? Ya Baba da mutanen gida gaba ɗaya? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da ya kama gadan-gadan, tun ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Jikokinki suna gaishe ki, babansu ma ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya da na tambaye ki jiki sai ki ce da sauƙi, mu wuce zuwa wani zancen. Ki sa Auta ta karanta miki a tsanake, kuma a adana takardar, don akwai wurin da nake so a karanta wa likita.

Auta ce ta faɗa min halin da ake ciki, kuma don Allah kar ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun da aka ce suganki ya hau aka ware miki tukunya, ana tuƙa miki tuwon alkama, kina ci ke kaɗai a ɗaki, sauran jama'a na tsakar gida da shinkafa da miya. Ta ce kin daure na tsawon watanni, amma tun bikin gidan Kawu kika koma cin abin da kowa ke ci, har kin daina zuwa awo don kada ki ji lambar. Umma, wallahi ban ga laifinki ba. Ke da tun tasowarmu ba ki taɓa cin abinci ba tare da kin kira wani ya sa hannu ba, a ce yau an mayar da ke mai cin abinci a bayan labule. Kaɗaicin ne ya kayar da ke, ba rashin haƙuri ba. Shi ya sa abin da zan roƙe ki ba ƙarin haƙuri ba ne. Roƙona shi ne ki nemo sa'o'inki masu irin wannan lalura ku riƙa yi tare.

Akwai wani zama da nake zuwa a nan unguwarmu, a wani ɗakin taro kusa da masallaci. An roƙe ni ne in riƙa leƙawa tunda aikin jinya nake yi. Dattawa ne, yawancinsu sun haura sittin, mutanen Somaliya da Yaman da Pakistan da suka daɗe a garin nan. Duk masu suga ne ko waɗanda ke dab da kamuwa, kuma duk a kan shinkafa da gurasa suka taso kamar yadda muka taso a kan tuwo. Ba lacca ake yi ba. Kowa yana zuwa da ɗan littafinsa, ya faɗi abin da ya ci a satin da abin da na'urar awon suga ta nuna, a yi hira, a sha shayi ba sukari. Akwai wata dattijuwa 'yar Somaliya, za ta yi sa'ar Gwaggo, kullum da wani ɗan kwanon silba a jakarta, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Shi ne ma'aunin shinkafarta. Ko gidan biki za ta, da shi take zuwa, ta miƙa a zuba mata a ciki, sauran farantin ta cika shi da ganye da nama. Ranar da ta fara fito da shi an yi mata dariya. Yanzu mata da yawa a zaman sun sayi irinsa, saboda sun buɗe littafinta sun ga lambobi suna sauka wata bayan wata. Maganar sa'arka tana shiga inda ta ma'aikacin asibiti ba ta shiga. Kuma in wani ya yi fashin zuwa, a ranar za a kira shi. Galibi kunya ce ta hana shi don ya koma cin abin da ya bari, sai a ce masa kowa a nan ya taɓa komawa, ka zo kawai.

Bari in yi miki bayanin abincin kansa, don na lura an ruɗa ki. Mu in an ce suga, hankalinmu yana tafiya kan sukarin shayi da lemon kwalba. Amma tuwo, na shinkafa ne ko na masara ko na dawa, da burodi, taliya, doya, dankali, garin kwaki, waina, koko da fura, duk sitaci ne. Shi kuwa sitaci da ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga ya shiga jini, ko da ba ki ji zaƙinsa a baki ba. Alkama da acca da ake cewa abincin masu suga ne, su ma sitaci ne. In ba a cire musu dusa ba suna iya ɗan jinkirta hawan, amma wanda ya tashi da malmala biyu ta alkama bai tsira ba. Ke nan duk wahalar da kika sha a ɗaki, ba lallai ne ta saya miki abin da aka yi zato ba. Yawan ne abin dubawa. Abin da likitoci ke kira rage sitaci shi ne kada sitaci da sukarin da mutum ya ci a yini su kai giram 130, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kuwa sitacin da ke cikinsa ya kai kusan giram 45.

Akwai wani likita mai suna David Unwin a Southport, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba a jirgin ƙasa. Tun 2013 yake bai wa masu suga nau'i na biyu, irin naki, shawarar rage sitaci, kuma shi da matarsa, wadda masaniyar halayyar ɗan Adam ce, suna haɗa marasa lafiyar su zauna rukuni-rukuni. Shi ne ya fito da lissafin da ya fi shiga kan mutane: dafaffiyar shinkafa giram 150, wato ɗan ƙaramin faranti, tana ɗaga suga a jini kusan kamar an sha cokalin shayi 10 na sukari. A 2023 suka fitar da sakamakon mutum 186 da suka bi wannan hanya. Sun rage nauyi kimanin kilo 10 kowanne in an raba daidai, kuma kashi 51 cikin ɗari ciwon ya lafa musu har suka zauna ba magani. Waɗanda ciwon bai shekara a jikinsu ba, kashi 77 ne suka samu haka, waɗanda suka haura shekara 15 da shi kuwa kashi 20. Ki lura na ce ya lafa, ban ce ya warke ba, don in aka koma gidan jiya yana dawowa. Kuma mutane ne da suka zaɓi yin abin da kansu, likitansu na biye da su. Ban kawo miki wannan don in yi miki alkawari ba. Na kawo ne don ki ga cewa naki da bai daɗe ba, yanzu ne lokacinsa.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, abin da mutanen nan sai sun kama ɗaki sun sa rana kafin su samu, ku kuna da shi a Tudun Wada tun fil azal. Kuna haɗuwa a Islamiyya, kuna da adashe, kuna zuwa barka da gaisuwar rasuwa tare. Gwaggo tana da suga. Maman 'yan biyu da ke maƙwabtaka da mu tana da shi har da hawan jini. Na tabbata in kika yi magana a ajinku bayan an tashi karatu, sai kin yi mamakin yawan masu ɓoyewa. Ba a son taro mai yawa, mutum biyar ko shida sun isa, don kowa ta samu bakin magana. Ku sa rana ɗaya a sati, yau gidan wannan, wani satin gidan waccan, kuma ku ci abinci tare a ranar. Wannan cin taren shi ne ginshiƙin abin, kar a mayar da shi zaman lissafi kawai.

Abincin kuwa ba sai an nemo na Turawa ba. Ki tuna kwaɗon zogalen da kike yi mana da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, a dai bar sukari da garin kwaki a ciki. Ga kwaɗon rama, ga alayyafo, ga kabeji, ga yalo. Miyar kuka ko kuɓewa ko taushe a yi ta da kauri, a sa kifi, a ci da yawa, tuwon ya zama rabin malmala a gefe. Da safe maimakon koko da burodi, ƙwai biyu da ganye, ko awara, ko alale. Wake yana da nasa sitacin amma a hankali yake shiga jini, ya fi shinkafa nesa ba kusa ba. Kindirmo ba sukari, furar kaɗan ko babu. Na san kuɗin ƙwai da kifi ba wasa ba ne yanzu. To a nan ma taron zai yi rana: ku yi ɗan adashen cefane, a aiki yaro ɗaya Bakin Dogo ya sayo ganye da kayan miya a sari, a sayi ƙwai kiret-kiret a raba.

Kuma ku bar na'ura ta yanke muku hukunci maimakon gardama. A auna kafin a ci, a sake aunawa bayan awa biyu, a rubuta. Wata za ta ga acca ba ta ɗaga mata sosai, wata ta ga nata ya haura. Jiki kowa da irin nasa. Abu ɗaya da ba sassauci: allurar huda yatsa da abin da ake sa ta a ciki, kowa da nata, ko 'yar'uwarki ta jini ce kar ku haɗa, saboda ciwon hanta yana bi ta nan. Bayan cin abinci ku ɗan taka, ko minti goma ne a tsakar gida, yana rage hawan sugan.

Yanzu ga wurin da nake so a karanta wa likita, kuma Auta ki karanta shi sau biyu. Kada ki rage sitaci sosai kafin likita ya duba magungunanki. In kina shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko gliclazide, ko kina allurar insulin, rage tuwo ba tare da an rage magani ba zai iya faɗar da suga ƙasa warwas, kuma ga mai shekaru wannan ya fi hawansa saurin yin illa. Alamarsa rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, ko mutum ya fara magana ba kan gado. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a irin wadda ke ƙirga da ƙananan lambobi, a jiƙa cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa a sha nan take, a sake aunawa bayan minti 15. Duk matan zaman su san wannan, don wata rana wata ce za ta ceci wata. Metformin shi kaɗai ba ya cika yin haka. Akwai kuma sababbin magunguna irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda haɗa su da tsananin rage sitaci yana da haɗari na daban. Maganin hawan jini ma wani lokaci sai an rage shi in nauyi ya sauka. A duba miki ƙoda kafin ki ƙara nama da ƙwai da yawa. Kuma komai kyan lamba, ba a ajiye magani sai likita ya ce. Yaya ya kai ki Barau Dikko ko asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke kusa da ku, a tafi da kwalayen maganin gaba ɗaya, a nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wajen wata uku. Zancen azumi ma da likita za a yi shi tun kafin watan ya kama.

Ba na so ki ji an ce rage sitaci ki ɗauka yunwa ake nufi. A shekarunki jiki yana saurin zubar da tsoka, in tsoka ta tafi ƙafa ba ta ɗaukar mutum, sai faɗuwa. Don haka abin da aka cire na tuwo dole a mayar da shi da abinci mai gina jiki, ki ci ki ƙoshi. In kika ga ƙarfinki na raguwa, ko tashi daga sujada ya fara yi miki wuya fiye da da, ki faɗa, kar ki ɓoye.

Abin da na fi jin tsoro shi ne bakin mutane. Da kin ɗan sauke nauyi za a fara: "Hajiya lafiya kuwa? Kin rame." A gidan suna za a turo miki waina da lemo a ce ɗan taɓawa ba ya kisa, in kin ƙi a ce kin raina abincin mutane. Wata kuma za ta zo miki da jarkar maganin da aka ce yana wanke suga cikin sati ɗaya. Mace ɗaya ba ta iya tsaya wa wannan duka, ko wace ce. Amma in ku huɗu kuka zauna a tabarma ɗaya, kuka ce mu masu suga ne, a kawo mana nama da ganye da ruwa, ba mai ganin baƙinku, ƙila ma uwar biki ta fara tanadar muku naku. Kuma in an ce kin rame, akwai wadda za ta amsa a madadinki ta ce likita ne ya sa, kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Su Auta kuma ina da magana da ku. A daina kai wa Umma kwano ɗaki. Miya ɗaya za a yi wa kowa, ganyen ya wadata, ta zauna a cikinku ta ɗebi tuwonta daidai ma'auninta. Ciwon nan yana bin jini, mu 'ya'yanta ma ba mu fi ƙarfinsa ba, rage shinkafar ba zai cuci kowa a gidan ba. Baba ma a lallaɓa shi ya je a auna shi.

Na tura wa Yaya kuɗin na'urar awo da tsinkayenta da allurai, da na ganin likita. Auta ta ɗauki hoton kwalayen maganinki gaba da baya ta turo min ta WhatsApp yau ɗin nan. Ki fara yi wa Gwaggo magana, ita in ta yarda sauran ba za su yi wuya ba. Zan kira ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku in ji yadda kuka yi da ita.

A gaishe min da Baba da kyau, da Kawu da iyalinsa, da Malamarku ta Islamiyya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa kaffara ce. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
'Yarki