Wasiƙar Godiya Ga Garejin Da Ya Riƙe Mini Amanar Motata

Zuwa ga manaja da dukkan ma'aikatan garejin ajiya da kula da motoci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan aiki yana tafiya lafiya, iyalai ma suna cikin ƙoshin lafiya.

Na ga ya fi kyau in rubuta wannan wasiƙa a fili inda kowa zai karanta, domin yabon gwani ya zama dole, kuma akwai masu manyan motoci da yawa da doguwar tafiya kan kama su, su rasa inda za su bar mota hankali kwance. Na bar muku motata ƙirar jif tsawon watanni ina nesa. Ba ni da ido a kanta, ba ni da hanyar sanin halin da take ciki sai abin da kuka faɗa mini. Da na dawo, duk abin da kuka ce an yi na tarar an yi shi, wasu abubuwan ma ban san ana yin su ba sai da na gani a takardarku.

Tun daga karɓar motar na lura ba ku ɗauki ajiya da wasa ba. Ma'aikacinku ya zagaya ta tare da ni, ya ɗauki hoton kowane gefe, ya nuna mini ƴan ƙarce-ƙarcen da ke jikin ƙofar baya, ya rubuta lambar da ke kan mitar tafiya da yawan man da ke tanki, sannan muka sa hannu mu biyu. Wani zai ga wannan ɓata lokaci ne, amma takardar nan ita ce ke raba gardama tun kafin ta taso. Lambar mitar da na bari ita na dawo na samu, wato ba wanda ya ɗan ɗana motar ya je cefane ko yawon shan iska da ita. Kun tambaye ni wa na yarda ya zo ya ɗauke ta idan ba ni ba, kuka ce ko shi ma sai ya nuna katin shaida. Makullin kuma kun sa shi a akwatin ƙarfe nesa da inda motar take. Dalilin da kuka ba ni ya gamsar da ni: makullin zamani mai rimot yana magana da mota ta iska, idan yana kusa sai ya hana kwamfutocinta barci su yi ta cin batir, kuma ɓarayin zamani suna da na'urar da ke kamo siginar makullin su miƙa wa motar ta buɗe. Akwatin ƙarfe yana toshe wannan hanya.

Wurin ajiyar kansa rufaffe ne, ƙasa siminti, ga kyamarorin tsaro, ga masu gadi dare da rana, ga tukwanen kashe gobara a jere. Ba zan tsaya dogon bayani a nan ba, duk wanda ya shigo zai gani da idonsa.

Abin da ido ba ya gani shi ya fi burge ni. Kafin ku kai ta makwancinta kun wanke ta har ƙasa, kun goge kashin tsuntsu da ke kan rufi, wanda in ya daɗe yakan ci fenti ya bar tabo. Kun share cikinta tas don kada ɓurɓushin wani abu ya jawo ɓeraye, tunda ɓera in ya samu mota a ajiye wayoyi yake bi ya gwaguye, kuma neman wayar da ta tsinke a cikin jif ta zamani aiki ne mai ɗaga hankali. Kun ba ni shawarar a canza baƙin mai kafin ajiya ba bayanta ba, saboda tsohon mai yana ɗauke da datti da ɗanɗanon asid da zai kwanta a injin. Kun cika tanki don kada a bar wa raɓa fili ta taru a ciki. Kun ƙara wa tayoyi iska kaɗan sama da yadda ake tafiya da su, domin jif tana da nauyi, da yawansu sun kai tan 2 ko fiye, kuma taya in ta daɗe tana ɗauke da wannan nauyi a wuri guda sai gindinta ya baje, mutum ya riƙa jin jijjiga a sitiyari. Birkin hannu ma ba ku ja ba, katako kuka tare tayoyin da shi, saboda takalmin birki yakan manne da faifai in tsatsa ta shiga tsakaninsu. Sannan kuka rufe ta da mayafi mai barin iska ta wuce, ba leda mai tara gumi ba.

Amma babbar godiyata ga mai kula da wuta ce, wato mai wayarin ɗinku. Na zo da tunanin da kowa ke zuwa da shi, cewa a riƙa tayar da motar ana barinta ta yi ɗan gurnani lokaci-lokaci. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani cikin natsuwa. Ya ce tayar da babban inji yana zuƙar wuta mai yawa a lokaci guda, kuma ƴan mintocin da mota za ta yi a tsaye ba su isa altaneta ya mayar da abin da aka ciro ba. Ga shi injin bai yi zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a salansa da cikin baƙin mai ba, sai a tashi ana ganin an taimaki mota alhali ana cutar da ita. Ko dai a tuƙa ta sosai har ta yi zafi, ko a bar ta a kwance a kula da batir ta wata hanya.

Ya kuma nuna mini lissafin da ban taɓa yi ba. Mota ko an kashe ta tana shan wuta kaɗan-kaɗan saboda agogo da ƙararrawar tsaro da ƙwaƙwalwar kwamfutoci. Lafiyayyar mota bai kamata wannan ya wuce miliamfiya 50 ba. Adadin ƙarami ne a ido, amma a awa 24 ya zama amfiya-awa 1.2, a kwana 30 ya zama 36, wato kusan rabin batir mai amfiya-awa 70. Ga kuma zubar da batir ke yi shi kaɗai ko ba a jona shi da komai ba, wanda zafi ke ƙara wa sauri. Shi ya sa mutum zai yi tafiyar wata biyu ya dawo ya murza makulli ya ji ƙas-ƙas kawai. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga saukar caji ba. Batirin dalma da asid in ya daɗe a sauke, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa ya ƙi narkewa, ko an sake yi masa caji ba zai koma riƙe wuta kamar da ba. Batir da yawa da ake cewa sun tsufa, zama ne ya kashe su.

Da mita a hannunsa ya auna nawa a gabana. Ya ce cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, in ya sauka 12.4 ya fara buƙatar caji, in ya kai 12.2 kusan rabi ya tafi, ƙasa da 12 kuwa an shiga haɗari. In inji yana aiki, altaneta mai lafiya yakan ba da wajen 13.8 zuwa 14.5. Ya goge farin garin da ya taru a kawunan batirin, ya ɗaure su, ya shafa musu ɗan giris, sannan ya jona wata ƙaramar caja mai ƙwaƙwalwa, irin wadda take cika batir ta tsaya, in ya ɗan sauka ta sake ɗora masa. Ya ce tsohuwar caja da ke tura wuta babu tsayawa takan dafa batir ta ƙafar da ruwansa. Har ya duba takardar da ke jikin batirin ya ga nau'in AGM ne, wanda ake sa wa motocin da ke kashe inji da kansu a tsayawar danja, ya saita cajar a kan wannan nau'i. Baƙar wayar cajar kuma bai maƙala ta a kan batirin ba, a jikin ƙarfen motar ya maƙala, don akwai ƙaramar na'ura a kan batir da ke ƙirga wutar da ke shiga da fita, in an tsallake ta kwamfutar motar za ta rikice game da yawan cajin. Na tambaye shi me ya hana a cire kan batir kawai a huta. Ya ce hanya ce mai kyau in babu wutar lantarki a wurin ajiya, ana fara cire na baƙar waya, sai dai ƙararrawar tsaro za ta mutu, wasu motocin kuma sukan manta saitin gilasai da rediyo.

Malam, Allah ya ƙara basira. Adadin da kake aunawa kana turo mini lokaci-lokaci shi ya sa ban taɓa kwana da tunanin motar ba, kuma ranar da na zo ɗaukarta da taɓawa ɗaya ta tashi.

Sai batun tinti, wato ledar da ake manna wa gilasan mota, wanda na roƙa a yi kafin in dawo. A nan ne na ga gaskiyarku ƙarara, domin na nemi mai duhu sosai a dukkan gilasai, kuka ce a'a, ga dalili. Ana auna duhun tinti da yawan hasken da ke ratsa shi, kashi nawa cikin ɗari. Mai kashi 5 kusan baƙi ƙirin ne, mai kashi 70 da ƙyar a gane an sa shi. Kowace ƙasa da dokarta game da gilasan gaba. A Birtaniya, misali, gilashin gaba dole ya bar kashi 75 na haske ya wuce, na ƙofofin gaba kashi 70, wasu ƙasashen kuma sai da takardar izini. Kun tunatar da ni cewa gilashin da ya zo daga kamfani shi ma yana rage haske, don haka leda mai kashi 70 a kan gilashi mai kashi 80 tana komawa kashi 56, kuma wannan jimillar ce mitar jami'in hanya za ta karanta. Ko a ajiye doka gefe, direban babbar mota da ke ja da baya da dare a layi marar fitila yana buƙatar ya ga yaro ko mai keke ta madubin gefe. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Kun kuma fahimtar da ni cewa duhu daban, tare zafi daban. Leda mai rini kawai tana da araha, tana ba da duhu, amma ba ta tare zafi sosai, kuma in rana ta daɗe tana dukanta sai ta koɗe ta koma shuni-shuni ta yi ƙuraje. Mai ƙarfe-ƙarfe a ciki tana mayar da zafi, sai dai takan dagula siginar waya da na'urar nuna hanya. Ta kabon ba ta koɗewa da wuri. Ta siramik kuwa tana tare hasken infared, wanda shi ne ke kawo yawancin zafin da fata ke ji, ba tare da ta yi duhu ba, kuma leda mai inganci tana tare kusan kashi 99 na hasken UV, mai ƙona fata ya kuma fasa dashbod da fatar kujeru. Gilasan bayan jif da ke zuwa da duhunsu daga kamfani ma, kun ce launi ne aka dafa a cikin gilashin, yana sakaya mutum daga idon jama'a amma bai kai leda tare zafi ba. A ƙarshe muka tsaya a kan siramik mai haske a ƙofofin gaba, wata kuma a kan gilasan baya, gilashin gaba aka bar shi yadda yake saboda kyamara da na'urar gane ruwan sama da ke bayan madubi.

Aikin ya fita tsaf. Na duba gefe-gefe ban ga ƙura ko gashi ko guda a ƙarƙashin ledar ba, kuma gilashin but, mai lanƙwasa, da falle ɗaya aka rufe shi babu haɗi. Mai aikin ya ce a waje yake shimfiɗa ledar ya gasa ta da bindigar zafi har ta ɗauki siffar gilashin, sannan ya manna ta ciki da ruwan sabulu ya matse. Tsohuwar ledar da ke gilashin baya kuwa da tururi ya ɓare ta, bai sa reza ba, don kada ya yanke siraran layukan nan masu narkar da hazo. Wata dabara da na yaba ita ce yin aikin tun motar tana ajiye. Sabon tinti yana son a bar gilasai a rufe na ƴan kwanaki, kuma ɗan hazo-hazon ruwan da ke ƙarƙashinsa yakan ɗauki lokaci kafin ya bushe. Ni ban ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, na zo na tarar ya kama sarai.

Ranka ya daɗe manaja, ina da roƙo guda. Bayanin kula da tinti da aka yi mini da baki ne, cewa a riƙa goge shi da tsumma mai laushi, a guji ruwan wanke gilashi mai amoniya, a kuma kula da ƙarfen bel kada ya riƙa dukan gilashi in an cire shi. Da za ku buga wannan a ƴar takarda ku riƙa sa wa a aljihun kowace mota, da masu wankin mota da direbobin gida ma sun amfana, domin su ne ke taɓa gilashin kullum, ba mai motar ba.

Don Allah a isar da godiyata ga masu gadi, da yaran da suka wanke motar, da mai wayarin, da mai tinti, da baiwar Allah da ke ofis wadda ba ta taɓa barin saƙona babu amsa ba. Allah ya ƙara buɗi, ya kiyaye ku da dukiyoyin mutane da ke hannunku.

Haza wassalam.

Naku,
Wani abokin hulɗarku, mai jif.